Mita 1,500 a Landan, 2012: yadda Sun Yang ya yi tattalin ƙarfinsa har bango na ƙarshe

Ranar 4 ga Agusta 2012, a daren da aka rufe gasar ninkaya ta cikin tafki a wasannin Olamfik na Landan, mutum takwas suka hau dakalin tashi don tseren mita 1,500 na maza. Hayaniyar 'yan kallo ta sa alƙali ya dakatar da tashin, amma Sun Yang na ƙasar Sin ya riga ya faɗa ruwa shi kaɗai. A ƙa'ida wanda ya yi riga malam masallaci a wannan wuri korarsa ake yi. Alƙalai suka ga ba laifinsa ba ne, ya fito, ya sake hawa dakali. Bayan minti 14 da daƙiƙa 31.02 ya taɓa bango, ya rage daƙiƙa 3.12 daga tarihin duniya da shi kansa ya kafa a Shanghai a 2011. Ryan Cochrane na Kanada ya zo na biyu da 14:39.63, Oussama Mellouli na Tunisiya, wanda ya ci wannan tsere a Beijing a 2008, ya zo na uku da 14:40.31.

Sun yana da shekara 20 a lokacin, tsawonsa mita 1.98, kuma ba da sabon jiki ya zo ba. A cikin makon ya ci zinare a mita 400, azurfa a mita 200, tagulla a tseren miƙa-miƙa, sannan kwana ɗaya kafin wannan dare ya yi wasu mita 1,500 ɗin a zagayen share fage.

Tafkin mita 50 ne, don haka tseren tsallakawa 30 ne da juyi 29. In aka raba lokacinsa daidai, kowace mita 100 ta ci daƙiƙa 58.07, wato mita 1.72 a daƙiƙa. Sai dai ba daidai ya raba ba. Mita 100 na farko ya yi su ƙasa da daƙiƙa 56, da taimakon tsallen tashi. Daga nan ya zauna a wajen 58 da rabi, ɗari bayan ɗari, kamar an saita agogo. Mita 100 na ƙarshe kuwa a daƙiƙa 53.49 ya yi su, kuma 50 na ƙarshe a 25.68.

Abin da ya sa wannan tsere ya cancanci a zauna a kansa shi ne kwatanta shi da na Grant Hackett ɗan Ostireliya, wanda ya yi 14:34.56 a Fukuoka ta Japan a 2001. Tarihin Hackett ya shekara goma, ya ma tsallake zamanin rigunan iyo na roba masu ƙara gudu na 2008 da 2009, lokacin da a gasar duniya ta Roma kaɗai aka karya tarihi 43. In aka ɗora tseren Hackett a kan na Sun na Landan, za a ga a mita 1,400 kusan tare suke, ratarsu ba ta kai rabin daƙiƙa ba. Hackett ya ƙarasa ɗari na ƙarshe a tsakanin daƙiƙa 56 da 57. Ke nan daga cikin daƙiƙa 3.54 da ke tsakaninsu, fiye da 3 a tsallakawa biyu na ƙarshe aka same su. Mutum biyu sun iso wuri ɗaya a lokaci ɗaya, ɗaya aljihunsa ya kusa ƙarewa, ɗaya da sauran canji. Kuma koci ɗaya ne, Denis Cotterell, ya horar da su duka biyun a birnin Gold Coast na Ostireliya.

Kuɗin da ruwa ke karɓa

Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. Mai gudu a ƙasa ba ya damuwa da iska sosai, amma mai iyo kusan duk ƙarfinsa a kan ture ruwa yake ƙarewa. Turjiyar ruwa ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in gudu ya ninka biyu, turjiya ta ninka kusan huɗu, ƙarfin da jiki zai riƙa fitarwa a kowace daƙiƙa kuma ya ninka kusan takwas. A tsere ba wanda ke ninka gudunsa, amma ƙa'idar tana cizo ko a ɗan ƙaramin ƙari. Ƙarin gudu na kashi 1 cikin 100 yana neman ƙarin ƙarfi na kusan kashi 3.

A juya lissafin. Kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa 871 shi ne daƙiƙa 8.7. Ratar Sun da Cochrane 8.61 ce, wajen mita 15 a ido. Wannan ratar da ta yi kama da babbar tazara a talabijin, mai iyo zai iya samunta ta hanya biyu: ko dai ya ƙara ƙarfin zuciya da huhunsa da kashi 3, ko ya rage turjiyar jikinsa da kashi 3. Ga wanda ya shekara goma yana horo, ƙara wa zuciya kashi 3 aiki ne ja, wani har ya yi ritaya bai samu ba. Rage turjiya da kashi 3 kuwa yana iya zama batun saukar da kai da ɗan yatsa biyu.

Turjiyar iri uku ce. Akwai gogayyar ruwa da fata, ita ce mafi ƙanƙanta, ita ce kuma dalilin aske gashin jiki da sa hular roba. Akwai ta siffa, wato faɗin jikin da ke fuskantar ruwa. In ƙugu da cinyoyi suka nutse, mutum ya zama kamar mai jan faifai a tsaye cikin kogi. Sai ta igiyar ruwa, wadda mai iyo ke tayarwa da kansa a saman ruwa. Wannan ta ukun ita ce ke hauhawa da sauri in gudu ya ƙaru, kuma tana da alaƙa da tsawon jiki. Masu kwalekwale a Yauri sun san dogon jirgi ya fi gajere sauƙin tuƙi a gudu ɗaya. Masu ƙera jiragen ruwa suna da lissafin gudun da daga shi jirgi yake fara hawan igiyar da ya tayar. In aka sa tsawon mita 1.98 a lissafin, ana samun kimanin mita 1.76 a daƙiƙa. In aka sa 1.80, ana samun 1.68. Mutum ba jirgi ba ne, lissafin kuma kimantawa ce kawai, amma a lura gudun tsakiyar tseren Sun, wajen 1.71, yana ƙarƙashin iyakarsa, alhali ga mai matsakaicin tsawo ya riga ya haura ta. Wannan kyauta ce daga Allah, ba horo ba, kuma duk mai son kwaikwayonsa ya fara sanin haka.

Ga wata asara ta daban. Mai gudu yana taka ƙasa, ƙasa ba ta motsi. Mai iyo yana dafa ruwa, ruwan yana gudu baya, kuma duk ƙarfin da ya tafi wajen tura ruwa baya bai kai mutum gaba ba. In aka haɗa wannan da zafin da tsoka ke fitarwa, abin da ke zama tafiya daga makamashin da mai iyo ya ƙona bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Shi ya sa a ninkaya gwaninta take rinjayar ƙarfi fiye da yadda take yi a guje-guje ko tseren keke. Mai dafa ruwa mai yawa a hankali ya fi mai watsa ruwa kaɗan da sauri riba.

Ba tankin mai ne ke ƙarewa ba

Mutane da yawa suna zaton mai tseren mita 1,500 yana gajiya ne don abincin jikinsa ya ƙare. A ɗauka ɗan wasa yana shan lita 5 ta oksijin a minti. A minti 14 da rabi ya sha lita 72, kowace lita kuma tana ba da wajen kilokalori 5, jimla kusan 360. Gilaikojin, wato sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta, ya ninka wannan sau da yawa. Matsalar ba yawan mai ba ce, saurin ƙona shi ne.

Jiki yana da hanyoyi uku na samar da ƙarfi. Ta farko ajiya ce ta nan take a cikin tsoka, mai ƙarfi ƙwarai, amma daƙiƙa goma ko makamancin haka take yi. Ita ke ɗaukar tsallen tashi da turin bango. Ta biyu tana fasa sukari ba tare da jiran oksijin ba, tana da sauri, amma tana tara tsami a tsoka, kuma sinadarin laktet da ake aunawa a jinin kunne ko yatsa shi ne alamarta. Ta uku ita ce mai amfani da oksijin, ita ke ɗaukar mafi yawan nauyin tseren da ya wuce 'yan mintuna. Akwai wani gudu da in mutum yana ƙasa da shi, jiki yana kwashe laktet daidai da yadda yake fitowa. Da an haura shi, sai bashi ya fara taruwa, kuma bashin yana da iyaka. Tseren mita 1,500 ana yinsa ne ɗan sama da wannan layi, ana cin bashin kaɗan-kaɗan, da niyyar ya cika daidai lokacin da hannu ya taɓa bango.

Wanda ya fita da wuta a mita 400 na farko, a lissafin turjiya kaɗai asararsa ba ta da yawa. Wanda ya yi rabin tafiya a mita 1.80 a daƙiƙa, rabi a 1.61, zai iso tare da wanda ya riƙe 1.70, kuma ƙarin makamashin da ya kashe kashi 1 ne cikin 100. Ainihin hukuncin yana zuwa daga tsoka. Tsamin da ya taru da wuri yana kashe ƙananan tsokokin da ke riƙe gwiwar hannu a sama, gwiwa ta faɗi, hannu ya fara zamewa cikin ruwa, mutum ya ƙara saurin juya hannu don ya cike giɓin, numfashi ya ƙaru, kai ya ɗago, ƙugu ya nutse. Gajiya tana ɓata salo, ɓataccen salo yana ƙara tsadar kowace mita, tsadar kuma tana ƙara gajiya. Daga mita 900 zuwa 1,200 ake ganin wannan a fili, kuma wanda ya shiga wannan rami ba ya fitowa a cikin tseren.

Abin da Sun ya yi da jikinsa

A tsakiyar tseren, Sun yana tsallake tafkin da jan hannu 27 zuwa 28, ana ƙirga kowane hannu daban. In aka cire mita 5 ko 6 da turin bango ke ba shi, kowane ja ɗaya yana kai shi wajen mita 1.6, kuma yana yin kusan ja ɗaya a daƙiƙa. Ga mai kallo daga sama kamar wasa yake yi, abokan karawarsa suna ta kici-kici a gefe.

Hannun gaba yana shiga ruwa a layin kafaɗa, ya miƙe sosai, ya ɗan jira ɗayan ya taso daga baya kafin ya fara ja. Wannan jinkirin yana sa jiki ya daɗe a mafi tsawonsa. Kafin jan ya fara, yatsu da damtsen ƙasa suna karkata zuwa ƙasan tafki, gwiwar hannu tana nan sama kusa da fuskar ruwa. Da haka daga tafin hannu zuwa gwiwa ya zama filafili ɗaya da ke tura ruwa baya, ba ƙasa ba. Mafi yawan masu koyo suna danna ruwa ƙasa da miƙaƙƙen hannu a farkon ja. Wannan yana ɗaga ƙirji, yana nutsar da ƙafa, kuma ba ya kai mutum ko'ina. Ƙarfin jan kansa daga manyan tsokokin baya da juyawar ƙugu yake fitowa, ba daga kafaɗa ba.

Kansa yana kwance, ido yana kallon ƙasa da ɗan gaba. In zai shaƙi iska, ba ya ɗaga kai, juya shi yake yi tare da jiki, bakinsa ya faɗa cikin ɗan kwarin da igiyar gaban kansa ta bari. Iskar ciki kuwa a cikin ruwa ake fitar da ita. Wanda ya riƙe numfashi har sai ya juyo, dole ya fitar ya kuma shaƙa a cikin ƙiftawar ido, ba zai cika huhu ba, kuma iskar kabon da ta taru za ta sa shi jin shaƙewa tun kafin ya gaji da gaske.

Ƙafa ita ce babbar ma'ajiyarsa. Tsokokin cinya su ne mafi girma a jiki, sun fi kowa shan oksijin, amma gudummawarsu ga gudu a wannan salon iyo da ake kira freestyle ba ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Masu gajeren zango suna bugun ƙafa shida a kowane zagayen hannuwa biyu, don tserensu zai ƙare kafin bashin ya zo. Sun ya yi mafi yawan tserensa da bugu mara nauyi, kaɗan, wanda aikinsa kawai ya riƙe ƙugu a sama ya kuma taimaka wa jiki ya juya. Ruwan bayansa kusan a kwance yake, ba farin kumfa.

Sai juyi. Sau 29 mai iyo zai yi alkafura a bango, kuma a kowanne akwai daƙiƙoƙin da ba numfashi. Doka ta yarda mutum ya yi har mita 15 a ƙarƙashin ruwa bayan juyi, kuma a can ƙasa, daga zurfin da ya ɗan wuce rabin mita, turjiyar igiya kusan babu ita. Masu mita 100 da 200 suna cin moriyar wannan sosai. A mita 1,500 kuwa cinikin ba ya biya, domin oksijin da aka rasa a kowane dogon nutso zai dawo ya nemi haƙƙinsa. Sun yakan fito da wuri, kuma an san shi da wata dabara: kafin ya shiga bango yakan shaƙi iska a jere, dama da hagu, ba tare da tsallake hannu ba. Littattafan koyarwa da yawa sun hana numfashi daf da bango don yana rage gudu. Shi ya zaɓi ya biya wannan ɗan kuɗin ya sayi iska. Kada a raina juyi: kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa sau 29 ya zama daƙiƙa 2.9, kusan duk abin da ya rage daga tarihinsa na Shanghai.

Da aka kaɗa ƙararrawa

A tseren mita 800 da 1,500, ana nuna wa kowane mai iyo allon adadin tsallakawar da ta rage masa, kuma in saura biyu da mita 5 sai a kaɗa masa ƙararrawa. Daga nan Sun ya zama wani mutum. Ƙafa ta koma bugu shida da cikakken ƙarfi, kumfa ya tashi, hannu ya ƙara sauri ba tare da tsawon ja ya rushe ba. Tsallakawa ta 29 ya yi ta a 27.81, ta 30 a 25.68.

Daga daƙiƙa 29.3 zuwa 25.68 ƙarin gudu ne na kusan kashi 14 cikin 100. Bisa ƙa'idar da ta gabata, turjiya ta ƙaru da kusan kashi 30, ƙarfin da ake nema kuma da kusan rabi. Oksijin ba zai iya ba da wannan ƙarin ba, domin zuciya ta riga ta kai maƙura. Daga hanya ta biyu ya fito, wato bashin da bai ci ba a mita 1,400, kuma ƙafafun da ya yi ta lallaɓawa su ne suka ci bashin. A Shanghai ma haka ya yi: saura mita 100 yana bayan lokacin Hackett da kusan daƙiƙa 2, ya rufe 50 na ƙarshe ƙasa da daƙiƙa 26, ya wuce da 0.42.

A nan akwai abin muhawara, kuma masu horarwa ba su daina ta ba. Wanda ya iya yin 25.68 bayan mita 1,450, anya bai bar lokaci a tsakiyar tafki ba? A ganinmu ya bari. Da ya rage kashi biyu ko uku cikin goma na daƙiƙa daga kowane ɗari na tsakiya, ƙarshensa zai ragu, amma jimlar za ta iya fin haka kyau, tunda ƙarfin da aka zuba a gudu mafi girma shi ne mafi tsada a kowace mita. Sai dai a yi masa adalci. Zinare ya je nema, tun wajen tsakiya ba kowa a kusa da shi, kuma kuskuren rage gudu da ɗan kaɗan ana gyara shi a ƙarshe, kuskuren wuce gona da iri ba a gyara shi.

Inda masu kwaikwayo ke faɗuwa

Bayan Landan, masu iyo da dama sun shiga rage adadin jan hannu kamar shi ne maƙasudi. Gudu a ninkaya tsawon ja ne sau saurin ja. In an ƙara ɗaya an rage ɗaya fiye da kima, an yi ba a yi ba. Wanda ya miƙa hannu ya yi ta jira, gudunsa yana mutuwa tsakanin ja da ja, sai ya sake tayar da jiki daga ƙasa a kowane zagaye, kamar motar da ake ta taka birki ana ba ta wuta. Wannan hawa da saukar gudu a cikin zagaye ɗaya yana cin makamashi ko da agogo bai nuna ba. Sun yana iya jira don dogon jikinsa ba ya saurin rasa gudu, kuma jiransa gajere ne fiye da yadda ido ke gani. Miƙa hannu fiye da kima, musamman in yana ƙetare layin tsakiyar kai, shi ne kuma babbar hanyar ciwon kafaɗa ga wanda ke juya hannu dubbai a kowace rana.

Gregorio Paltrinieri na Italiya, wanda yake cikin mutum takwas na wannan dare yana ɗan shekara 17, shi ne hujjar cewa hanya ba ɗaya ba ce. Jansa gajere ne, mai sauri, yakan kai wajen 40 a tsallakawa ɗaya, ba ya jira ko kaɗan, kuma ba shi da gudun ƙarshe irin na Sun. Saboda haka yakan gasa wa abokan karawa aya a hannu tun daga tsakiya. Da wannan salo ya ci zinare a Rio a 2016 da 14:34.57, ya kuma yi 14:32.80 a Budapest a 2022. Tsadar da yake biya a yawan ja, yana mayar da ita ta wajen rashin mutuwar gudu.

Abin da ya kamata koci ya nema shi ne haɗin da ya fi araha ga jikin da ke gabansa, kuma ana iya auna shi da agogo da ido. Da farko a gano gudun da mutum zai iya riƙewa. Bayan ɗumama jiki, ya yi mita 400 iya ƙarfinsa, ya huta sosai, ya yi mita 200 iya ƙarfinsa. A cire lokacin 200 daga na 400, a raba biyu. Wanda ya yi 4:40 da 2:12, bambancin daƙiƙa 148 ne, ke nan gudunsa na riƙo daƙiƙa 74 ne a kowace mita 100. In bai yi iya ƙarfinsa a 200 ba, lissafin zai nuna masa gudun da ya fi ƙarfinsa, don haka a kula. Daga nan sai a ba shi mita 100 sau 15 ko 20 a wannan gudu, da hutun daƙiƙa 10 zuwa 15, ana ƙirga jansa a tsallakawa ta biyu ta kowane ɗari. Ba agogo kaɗai ake kallo ba. In lokaci yana nan a 74 amma ja ya tashi daga 36 zuwa 40, salon ya fara zubewa, kuma nan da ɗari uku ko huɗu agogo zai biyo baya. A wurin da adadin ya fara tashi, a nan juriyarsa ta gaskiya ta tsaya. Sai a maimaita wannan atisayen wata rana da saurin hannu daban, ɗan sama ko ɗan ƙasa, a gudu ɗaya, a duba bugun zuciya a ƙarshe. Wanda ya ba da bugu mafi ƙanƙanta shi ne nasa.

Manyan masu dogon zango sukan yi kilomita 60 zuwa 80 a mako, sau biyu a rana a mafi yawan kwanaki. Yawancinsa a gudu mai sauƙi ne, don gina zuciya da ƙananan jijiyoyin jini a tsoka, da kuma sa salo ya zama jiki. Kuskuren da aka fi yi shi ne a mai da kowace rana matsakaiciya: ranar sauƙi a yi ta da zafi, ranar zafi kuma ba sauran ƙarfin da za a kai gudun tsere. Mako biyu zuwa uku kafin babbar gasa ana rage yawan mita sosai, a bar zafin gudu yadda yake. Ƙafa kuma, duk da ba a amfani da ita sosai a tsakiyar tsere, dole a horar da ita da allon da mai iyo ke riƙewa a hannu yana bugun ƙafa kaɗai, in ba haka ba ranar da aka kira ta a mita 1,400 ba za ta amsa ba.

Ba a rufe maganar Sun Yang ba tare da faɗin abin da ya biyo baya ba. A 2014 an dakatar da shi wata uku saboda samun wani maganin zuciya da aka haramta a jikinsa. Bayan rikicin da ya auku da masu ɗaukar samfurin jini a gidansa a Satumba 2018, kotun wasanni ta duniya ta yanke masa dakatarwar shekara takwas a 2020, aka soke hukuncin, aka sake shari'a a 2021 ta koma shekara huɗu da wata uku. Ba a soke sakamakonsa na Landan ba, kuma abin da aka bayyana a sama game da hannu, ƙafa da numfashi yana nan a bidiyo ga mai son ƙirgawa. Amma duk mai auna abin da ya rage masa a tanki a mita 1,400 yana da haƙƙin ya riƙe wannan tarihi a zuciya.

Lokacin nasa ya tsaya shekara goma sha biyu cif. Ranar 4 ga Agusta 2024, a wasannin Olamfik na Faris, Bobby Finke na Amurka, wanda aka sani da kwanton ɓauna sai ƙarshe, ya sauya hali ya fita gaba tun daga farko. Ya san ba zai iya biyan 53.49 a ɗari na ƙarshe ba, don haka ya tara ratarsa a tsakiya, a wurin da Sun ya yi tattali. A tsallakawa biyu na ƙarshe layin tarihin da ake nunawa a allo ya yi ta cinye ratar, yana matsowa ƙafarsa, amma bango ya riga zuwa. Finke ya taɓa a 14:30.67, ƙasa da na Sun da 0.35, Paltrinieri yana biye da shi da 14:34.55.